Ƙafar Hagun Sarkin Rufi

'Yan'uwana masu karatu, ku matso kusa. Mai tuya ta rage wuta, mai goyo ta gyara zama, don abin da ya same ni a makon nan ba a jin sa a tsaye. Wadda ta shigo yau kuma, sannu da zuwa. Sunana Zinariya, 'yar Alhaji Siddiƙ mai shadda a nan Briqueterie ta birnin Yawunde, unguwar da mu 'yan gida muke ce wa Brik. Wanda nake so Baha'uddeen ne, kuma Asabar ɗin nan aka tsayar manyansa su kawo goron tambaya. Har Inna ta sake labulen falo, ta sa an wanke kafet an shanya a kan katanga. Ana cikin haka Baba ya aika musu cewa su dakata. Kuma duk a kan me? A kan ƙafar wani mutum da ba a taɓa haihuwarsa ba.

Bari in ɗauko muku zaren daga bakinsa.

Duk wanda furfura ta fara leƙo masa a Yawunde ya san Sarkin Rufi. Da farko a littafin zane yake, irin wanda magana take fitowa daga bakin mutane cikin ɗan zobe. Daga baya aka yi finafinansa, samarin lokacin suka riƙa cika silima har ana zama a ƙasa. Yana da sunansa na Faransanci, amma mutanen Brik ba su taɓa wahalar da harshensu ba. Tunda a kan kwanon gidaje yake yawo da jar alkyabba yana farautar azzalumai, sai suka ce Sarkin Rufi, shi ke nan suna ya bi shi. Wanda yake fitowa a fim ɗin ya tsufa ya rasu, silimomin suka zama shaguna, labari ya kwanta.

To bana masu fim ɗin suka ce za su tashe shi, amma ba da mutum ba, da kwamfuta. Suka rarraba aikin ga ƙananan ɗakunan zane, ɗaya yana unguwar Elig-Edzoa, can Baha yake aiki. Ni da na ɗauka mutum guda ne yake zama ya zana komai. Ashe kamar aikin biki ne, kowa da tukunyarsa. Wani gashi kaɗai yake yi, wani ruwan sama, wata baiwar Allah kuma ba ta da aiki sai yadda iska take kaɗa alkyabba. Shi Baha tafiya aka ba shi. Yadda jarumin zai ɗaga ƙafa ya ajiye.

Ranar da tallan fim ɗin ya fito ina tsakar gida ina tace folere, wato zoɓo, hannuna jawur. Ƙanwata Madina ta faɗo da gudu, ɗankwali a hannu.

"Yaya! Yaya, aikin angonki ya fito!"

"Angon wa? Ki iya bakinki, Inna tana ɗaki."

"To aikin *mijin da ba a ba ki ba tukuna*. Riƙe nan."

Na goge hannu a zane na karɓi wayar. Wallahi jama'a, ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Gari ne a kan tuddai, kwanuka sun yi tsatsa ja, ruwa yana sauka a kansu, har kana ganin kowane ɗigo yana fashewa yana tashi. Hayaƙin masu soya, wato masu tsire, yana murɗawa a ƙarƙashin fitila. Na san zane ne, amma sai da na ji kamar in janye ƙafata kada ta jiƙe. Can sai ga shi a ƙolin wani bene, ya tsufa, gemunsa fari, alkyabbar ta koɗe a gefe. Ya buɗe hannuwa ya faɗo. Na ce "Innalillahi!" da ƙarfi, Madina ta ƙyalƙyale da dariya.

Ya dira a tsakiyar titi. Ya miƙe a hankali. Ya fara tafiya.

Dariyar Madina ta tsaya.

Ƙafar dama ta taka sosai. Ta hagu kuma ba ta ɗagu duka ba, sai ta ɗan zaga waje kamar mai share ƙasa da gefen takalmi, sannan ta iso. Hannunsa na hagu ya tattare gefen alkyabba ya riƙe a cinya. Kafaɗa ba ta karkata ba ko kaɗan, kai a sama.

"Yaya," in ji Madina a hankali, "wannan ai Baba ne."

Na ce ta rufe min baki. Amma gaskiya ta faɗa. Tafiyar da nake ji tun ina cikin zanen goyo, taku ɗaya da ƙarfi, ɗaya da jan ƙasa, wadda in muka ji ta a soro muke rage rediyo, ita ce a cikin wayar.

Kafin la'asar duk Brik ta gani. Kun san unguwarmu, in kaza ta yi atishawa a bakin masallaci, kafin ta share hanci an ji har unguwar Messa. Baba yana dawowa daga shago masu soya suka ɗaga wuƙaƙe sama suna "Sarkin Rufi! A sauka lafiya!" Wani ɗan moto, mai acaɓa ke nan, ya bi shi a baya yana busa hon. Dattawan majalisarsu kuwa, aka ce har da mai riƙe ciki don dariya.

Ya shigo bai yi wa kowa magana ba. Babbar rigarsa ruwan toka ce ranar, mai aiki a wuya, ya cire ya rataye, abin da ba ya yi sai bayan isha'i. Inna ta kai masa abinci ya dawo yadda ya tafi. Washegari ya aika gidan su Baha.

Ni fa har lokacin ban gane zurfin ramin ba. Na ɗauka tsokanar 'yan unguwa ce kawai ta ɓata masa rai. Sai da Goggo Mu'mina, yayar Baba, ta zo daga unguwar Nkomkana, ta baje a tabarmar Inna, ta kwance lulluɓi, ta ce a ba ta ruwa mai sanyi.

"Ke Zinariya, zo nan. Me aka ce miki ya sami ƙafar ubanki?"

"An ce faɗuwa ya yi yana saurayi."

"Faɗuwa!" Ta tafa hannu, ta juya wajen Inna. "Kaltuma, kin ji wai faɗuwa. To daga ina ya faɗo?"

Inna ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. "Yaya, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba, yarinya ta isa aure, ta isa jin magana. Ubanki, wannan mai tsare gida da ido, shi ne shugaban mahaukatan Sarkin Rufi a unguwar nan. Littafin ba ya barin aljihunsa. Ran da suka dawo daga kallon fim, ya sace jan zanen tsohuwarmu, sabo fil ko wanki ba a yi masa ba, ya ɗaura a wuya. Sadisu abokinsa ya riƙe masa tsani ya hau kwanon gidanmu. Wai zai tsallaka zuwa na maƙwabta."

Madina ta toshe baki da hannu biyu.

"Ya tsallaka?" na tambaya.

"Ya tsallaka zuwa cikin kwata. Ƙashi ya fito waje. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ƙafa ta haɗu a karkace. Mahaifinmu bai dake shi ba, cewa kawai ya yi, 'Ga alkyabbarka nan, za ka sa ta har kabari.' Tun ranar bai ƙara ambaton sunan ba. Ya yi kasuwa, ya yi Makka, ya zama mutum, yara suka taso ba su sani ba. Yanzu yaron da yake neman 'yarsa ya tono gawar ya ɗora a wayar kowa." Ta kurɓi ruwa. "Ni dai na ga abin, kuma tsakani da Allah ya yi kyau. Amma suruki ya kwaikwayi tafiyar surukinsa? Ko a garin da ba a salla ba a yin haka."

Na shige ɗaki na jawo waya.

*Baha, wa ya ba ka labarin ƙafar Baba?*

*Wane labari?*

*Kar ka raina min hankali.*

*Zinariya wallahi ban san komai ba. Tun jiya kawuna yake min faɗa, ni ban ma gane laifina ba sai da ya sa tallan ya ce in kalli ƙafar. Ina ƙofar shagon ɗinkin Zara, ki fito minti kaɗan don Allah.*

Na zura hijabi ruwan goro na ce wa Inna zan karɓo ɗinki. Ta dube ni ta gefen ido ta ce in gaishe da ɗinkin.

Yana tsaye a jikin bango, rigar jiya ce a jikinsa, idanu sun faɗa. Na ba shi labarin tsani da jan zane. Ya dafe kai ya tsuguna a wurin, mutane suna wucewa.

"Na shiga uku. Daga kan rufi? Saboda shi?"

"Saboda shi. Yanzu ka faɗa min yadda aka yi tafiyar ubana ta shiga kwamfutarka."

Ya share fuska da tafin hannu. Sannan ya ce, "Kin san tunda na fara zuwa gidanku ban taɓa kallon fuskar Baba ba? In na hango shi a layi, tsugunawa nake yi in sa ido a ƙasa har ya wuce. In na zo gaisuwa, ido a ƙasa. In mun haɗu a masallaci, ido a ƙasa. Ko a hanya aka ce in nuna shi ta fuska, sai na yi tunani. Amma ƙafafunsa, Zinariya, na san su fiye da nawa. Da na zauna aiki, ban ce bari in yi tafiyar wane ba. Hannuna ne ya yi abin da idona ya sha gani."

Ku faɗa min, ku da kuke karatu, a ce ku ne, dariya za ku yi ko kuka? Kunyar da aka koya masa ita ta kai shi ga rashin kunya. Ni dai a lokacin tsoro ne ya fi ƙarfina, tsoron Asabar ta zo ta wuce falonmu babu kowa.

"Ka gyara ta," na ce.

"Talla ya riga ya fita."

"Fim ɗin bai fita ba. Ka miƙe ƙafar. In fim ya fito yana tafiya kamar kowa, maganar za ta mutu."

"Masu fim ɗin sun so ta haka. Sun ce ita ce ta sa ya zama mutum." Ya ɗago ya dube ni. "Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, Zinariya."

"To ka aure shi."

Na faɗa, na juya, ko ɗinkin ban karɓa ba. Ina jin sa yana kiran sunana ban waiwaya ba. Allah ya gani, ni na ɗora masa wuƙa a wuya.

Kwana biyu ba mu yi magana ba. Ran Alhamis da safe ina shara saƙonsa ya shigo.

*Na miƙe ta. Na roƙe su, na ce matsalar iyali ce, da ƙyar suka yarda su duba. Na aika yanzu. In sun amsa an rufe wannan sashen, babu mai sake taɓa shi, ko ni. Ki gaya wa Inna ta gaya wa Baba.*

Na rungume tsintsiya ina hamdala. Ban kai ga ɗakin Inna ba na ji taku ɗaya da ƙarfi, ɗaya da jan ƙasa. Baba ne, cikin farar shadda da hula zanna, yana ƙamshin turaren Juma'a alhali Alhamis ce.

"Kin san wurin aikin yaron nan?"

"Na... an taɓa kwatanta min, Baba."

"An kwatanta miki." Ya ɗan dube ni. "Sa hijabinki."

A cikin taksi na yi ta neman bakin da zan ce masa an riga an gyara, amma mun cushe da wata mata mai kwandon ayaba, ga direba ya ƙure waƙa. Baba yana kallon waje. Sai da muka wuce kasuwa ya ce, kamar da gilashi yake magana, "Sadisu ya zo shago jiya. Na ɗauka dariya ya zo yi. Sai ya zauna yana share hawaye da hula, wai in je in gani da idona kafin in yanke wa yaro hukunci. Tsohon banza." Ashe duk abin nan Baba bai kalli tallan ba. Duk wanda ya miƙo masa waya sai ya kawar da kai.

Ɗakin aikin yana saman wani bene, matakala ƙunci. Na bi bayansa ina kallon yadda yake jan ƙafar daga mataki zuwa mataki, bai taɓa bango ba ko sau ɗaya. Muka shiga, ɗaki duhu-duhu, labule a sauke, sanyin na'ura, samari da 'yammata kowa da abin ji a kunne. Baha ya hango mu, ya miƙe har kujera ta faɗi, ya zube a ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa. Baba, da kun aiko ai da na zo."

"Tashi. Nuna min abin da mutane suke gani. Shi nake so, ba wani ba."

Na yi wa Baha ido, shi kuma idonsa yana ƙasa, ina zai gan ni? Ya jawo wa Baba kujera gaban wani allo mai faɗin ƙofa. Abokan aikinsa suka zare abin kunne, ɗakin ya yi tsit.

Abin da na gani a waya ashe inuwa ce. A nan ruwan saman kamar zai jiƙa mana tufafi. Ana jin ƙarar sa a kan kwano daga dama, daga hagu, daga bayanmu. Hasken allon ya kwanta a farar shaddar Baba, ta koma ja, ta koma shuɗiya. Da jarumin ya bayyana a ƙolin bene, na ga leɓen Baba ya motsa. Sunan nan na Faransanci ya faɗa, a hankali, daidai, kamar sunan ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

Ya buɗe hannuwa ya faɗo. Baba ya damƙe hannun kujera.

Wannan ba guntun talla ba ne, sashen ne cikakke. Ya dira, ƙafar hagu ta lanƙwashe, ya kai gwiwa ƙasa. Ya tsaya haka, ruwa yana zuba a gemunsa, ana jin numfashinsa. Azzaluman da suka tare titi suna dariya. Sai ya tattare alkyabba a cinya, ya miƙe, ya nufo su. Taku, ja. Taku, ja. Dariyar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na gaba ya ja da baya, na bayansa ya yar da sanda, titi ya buɗe masa kamar an tsaga shi da wuƙa.

Allon ya yi baƙi. Babu wanda ya yi tari.

"Sake," in ji Baba.

Aka sake. Da ya ƙare ya ce, "Cire masa rigar. Ina son in ga yadda kuka yi."

Baha ya taɓa wani abu. Gari ya ɓace, ruwa ya ɓace, alkyabba da gemu da fuska duk suka tafi. Saura wasu 'yan sanduna masu haɗe da ɗigo-ɗigo a fili mai toka, ko kai babu sosai. Suka fara tafiya. Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Babu fata, babu tufa, babu suna, amma ko a cikin dubu na gan su zan ce ga ubana.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya shafa gwiwarsa ta hagu.

"Wa ya ba ka labarina?"

"Babu kowa, Baba. Sai bayan da abin ya faru na ji."

"To me ya sa ka ba shi ita?"

Baha ya ƙara sunkuyar da kai. "Masu fim ɗin sun rubuto cewa ya tsufa, ya sha faɗuwa, amma in ya shigo wuri kowa sai ya gyara zama. Na gwada tafiya iri-iri, duk sai ya fito kamar soja ko ɗan dambe. Wannan ce kaɗai da na sa masa na ji ni ma ina son in tashi tsaye. Ban lura cewa taku ce ba, wallahi. Ku yafe min."

Baba ya zaro hankici ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa, wai sanyin na'ura ne yake sa masa ruwan ido. Wata yarinya a can baya tana jan hanci.

"Shekara nawa ina sa a ƙara min tsawon riga don in rufe ta," ya ce. "Ni na hau rufi don in zama shi, na faɗo. Ashe shi zai sauko." Ya yi 'yar dariya, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba, ta yaro. Sannan ya gyara hula, fuskar Alhaji Siddiƙ ta dawo. "Ka gaya wa kawunka Asabar tana nan. Su zo bayan azahar."

Na yi hamdala a zuciya.

"Amma da sharaɗi." Ya nuna allon da yatsa. "Na san halin yaran yanzu, an yi muku faɗa kaɗan sai ku rushe gini. Kar ka taɓa ƙafar nan. Yadda take haka za ta fita, duniya ta gani. In ka miƙe ta don tsoron bakin mutane, ba ni da abin da zan yi da surukin da ba ya tsayawa a kan aikinsa. Ka ji ni?"

A karo na farko tunda muka shigo, Baha ya ɗago kai. Ba Baba ya kalla ba, ni ya kalla. Ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Wayarsa tana kan tebur, dab da hannun Baba. Ta yi ƙara, fuskarta ta haska, sunan masu fim ɗin ya fito a sama da wani gajeren saƙo a ƙasa. Daga inda nake tsaye ina hango kalmar farko, irin wadda suke rubutawa in sun amince da gyara.

Baba ya ɗauke ta, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya girgiza kai.

"Na baro tabarau a gida. Masu fim ɗin ne ko? Madalla, su ma su ji sharaɗina." Ya miƙo min wayar yana murmushi. "Zinariya, ke da kika yi boko a lakwal, karanta mana da ƙarfi."